Binciken ƙunar daji a bakin gandun gwamnati: ta ina sabon ɗalibi zai kama?

Rukayya (Ayigya Zango):
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina shirin aikin digiri na biyu kan mutane da gobarar daji a ƙauyukan da ke bakin gandun gwamnati, tsakanin Offinso da Techiman. Takardar tambayoyin da na samu samfurinta ta Amurka ce, tambaya 62. Shawarar da nake nema: in gyara ta in yi aiki da ita, ko in faro tawa? Kuma mutum nawa ya kamata a tambaya, a wane wata?

Malam Danjuma (Aboabo):
Wa alaikumus salam, 'yata. Ajiye takardar nan tukuna, domin an ɗinka ta ne a jikin wani. A Amurka idan an ce ƙasar gwamnati, ta gwamnati ce ɗungurungum: gwamnatin tarayya na riƙe da eka wajen miliyan 640, hukumar gandun dajinsu kaɗai tana kula da wajen miliyan 193. Matsalarsu ita ce sun daɗe suna kashe kowace wuta, har a 1935 suka kafa ƙa'idar a kashe ta kafin ƙarfe goma na safiyar washegari, itace da ganye suka taru shekara da shekaru, mutane kuma suka gina gidaje a bakin daji. Shi ya sa tambayoyinsu ke kewaya share gefen gida, inshora, da yadda za a kwashe mutane. Manomin doya a Nkoranza ba wannan ne ciwonsa ba.

A nan Gana mafi yawan ƙasa, wajen kashi 80 cikin ɗari, tana hannun sarakuna da dangogi. Ko gandun da aka keɓe tun dokar 1927, ƙasar ba ta bar hannun kujerar sarautar da ta mallake ta ba. Gwamnati riƙon amana take yi, Hukumar Gandun Daji da aka kafa da dokar 1999 ita ke gudanarwa. A cikin wasu gandayen ma akwai gonakin da aka tarar lokacin keɓewa aka bar wa masu su. Saboda haka fili ɗaya sai ki tarar da masu iko huɗu a kansa: sarki, ma'aikacin gandu, asambili (majalisar gunduma), da manomin da ke ciki. Takardar da ba ta san wannan ba, ko tambaya ɗari ce a cikinta, ba za ta gaya miki komai ba.

Hajiya Mariama (Asawase):
Malam ya faɗi gaskiya. Ni zan ƙara da abin da ya fi kashe aikin sababbin masu bincike, wato tambayar "wa ke sa wa daji wuta?" Bayan babbar gobarar 1983 aka yi dokar hana ƙunar daji, aka sake ta a 1990, ita ce PNDCL 229. Wato tayar da wutar daji laifi ne mai tara ko ɗauri. To ke baƙuwa, da takarda a hannu, wataƙila ma motar ma'aikatan gandu ta sauke ki, kina tambayar mutum ya amsa laifi. Amsar da za ki samu an san ta tun kafin ki bar Kumasi: manomi ya ce makiyayi ne, makiyayi ya ce mafarauci ne, mafarauci ya ce mai gawayi ne, kowa ya haɗu a kan "yara" da "masu shan taba". Sai a zana da'ira a raba kashi-kashi a kira shi musabbabin gobara. Abin da aka auna a nan zargi ne, wato wa ake jin haushinsa a garin. Yana da amfani a san shi, amma a kira shi da sunansa.

Abin da ke aiki shi ne a bar "wa" a koma "yaushe, ina, don me, da izinin wa". Ki zauna da mutum shida zuwa takwas, a ja layi goma sha biyu a ƙasa, kowane layi wata guda, a ba su tsakuwa ko ƙwayar masara guda 30. Ki ce su raba a kan watannin da ake amfani da wuta wajen sassabe. A kwashe, a sake don farauta, sannan zuma, gawayi, toho na shanu, kare gari da gona. Kowane zagaye ki ɗauki hoton ƙasar. Gardamar da za su yi wajen ɗaga tsakuwa daga Janairu zuwa Fabrairu ta fi hoton kansa daraja, don haka ki samu mai rubutu daban, ke ki riƙe zance kawai.

Rukayya (Ayigya Zango):
Na gode Hajiya. Amma dokar ta hana ƙona sassabe ma?

Malam Danjuma (Aboabo):
Ba ta hana ba. Ta bar wa manomi ya ƙona sharar gonarsa matuƙar wutar na hannunsa kuma ba ta ƙetare iyakar gonar ba. Ta kuma ba shugabannin gandu da na namun daji damar ba da izinin ƙuna don gyaran daji. Ita ce ta ce kowace asambili ta kafa ƙaramin kwamitin kula da ƙunar daji, a kuma kafa 'yan sa-kai na kashe wuta a garuruwa. Ki karanta ta da kanki, ba ta da tsawo. Sannan ki tambayi mutane me suke jin dokar ta ce. Tazarar da ke tsakanin abin da ke rubuce da abin da ake shela a gari babi guda ce a aikinki. Akwai kuma manufar ƙasa kan wutar daji ta 2006, wadda ta fi dokar sassauci wajen yarda cewa wuta kayan aiki ce. Takarda biyu na gwamnati ɗaya, muryarsu ba ɗaya ba.

Abdul-Basit (Tafo):
Yaya Rukayya, kafin ki zaɓi ƙauye ko ɗaya, ki fara da taswira. Shafin FIRMS na hukumar NASA, mai nuna ɗigon duk inda tauraron ɗan adam ya hango wuta, kyauta ne. Ki sauke ɗigon wutar gundumominki na aƙalla shekara goma, ki ɗora a manhajar taswira ta QGIS kan iyakar gandu. Amma ki san halin kowace na'ura.

MODIS tun 2000 take ba da bayani, ɗigonta kilomita ɗaya ne. Tauraro biyu ke ɗauke da ita, a da ɗaya na ratsa mu wajen goma da rabi na safe, ɗaya wajen ɗaya da rabi na rana, sai su sake da dare, amma yanzu lokutan sun goce. VIIRS daga 2012 ta fara, ɗigonta mita 375, ta fi kama ƙananan wuta. Matsalar ita ce manomi mai hankali da la'asar sakaliya yake kunna sassabensa, lokacin da iska ta kwanta, kafin goma na dare ta mutu. Babu tauraron da ya gan ta. Wutar da ta kuɓuce ta kwana biyu tana ci, ita kowa ke gani. Idan kika dogara da ɗigon nan kaɗai za ki ɗauka duk wutar yankin ɓarna ce, alhali na'urar ce ba ta ganin mai kyan.

Taswirar wurin da ya ƙone ta MODIS kuma murabba'inta mita 500 ne, kusan hekta 25. Gonar hekta ɗaya ko biyu ba za ta fito ba. Don wannan sai hoton tauraron Sentinel-2: mita 10 zuwa 20, tana dawowa duk kwana biyar. A ɗauki hoto kafin da bayan ƙuna, a kwatanta zangon haske na 8 da na 12. Abu biyu ke ɓata shi. Ƙurar hunturu na dusashe hoto, sannan tabon ƙuna a fadama yakan rufe da ɗanyar ciyawa cikin 'yan makonni. Gonar da aka yi wa huɗa ma wani lokaci tana kama da ƙuna. Don haka ki ware wuri 50 zuwa 60 ki je da ƙafa ki tabbatar, rabi inda taswira ta ce ya ƙone, rabi inda ta ce bai ƙone ba.

Hajiya Mariama (Asawase):
Kuma ki buga taswirar babba ki kai wa mutanen gari, amma bayan sun zana tasu. In kika fara nuna ta tauraro, za su bi ta ne kawai don kada su saɓa wa na'ura.

Dakta Sulley (Kwadaso):
Kan yawan mutane. Adadin 384 da ɗalibai ke kwafowa daga juna ya fito ne daga lissafin da ya ɗauka cewa an tsinci kowane mutum daban-daban daga cikin jama'a gaba ɗaya, da kuskuren kashi 5 da tabbacin kashi 95. Ke kuwa ƙauye-ƙauye za ki ɗiba, mutanen ƙauye ɗaya kuma amsarsu na kama da juna, domin sarkinsu ɗaya, dajinsu ɗaya, wutar da ta ci su ɗaya. Gyaran shi ne: ki cire ɗaya daga yawan mutanen da za ki tambaya a kowane ƙauye, ki ninka da ma'aunin kamanceceniyar, ki ƙara ɗaya. Misali mutum 20 a ƙauye, ma'auni 0.1: 19 sau 0.1 a ƙara ɗaya, 2.9. Wato 384 ɗin ya zama sama da 1,100. In kika tattara 384 a ƙauye huɗu, mutum 96 kowanne, ninkin ya haura goma, ƙarfin aikinki bai kai na mutum 40 ba.

Kuɗin ɗalibi ba zai kai 1,100 ba, na sani. Mafita biyu. Ko a yawaita ƙauyuka a rage mutane a kowanne, misali ƙauye 24 mutum 12, ko a daina da'awar wakiltar gunduma, a zaɓi ƙauye shida da gangan don kwatanci. Ga digiri na biyu na fi son ta biyun. Uku masu yawan ƙuna a taswirar Abdul-Basit, uku masu ƙaranci, amma ruwan sama da irin ciyawarsu iri ɗaya. In ba haka ba za ki gano cewa wuri mai ciyawa ya fi wuri mai koko ƙonewa, wanda ba sai an je jami'a ake saninsa ba.

Alhaji Issaka (Sawaba):
Ku gafarce ni masu ilmi, zan sa baki ta ɓangaren shanu. 'Yata, duk jerin gidajen da ɗan asambili zai ba ki, babu ruga a ciki. Makiyayi ba ya cikin rajistar gari, ba ya zuwa taron dandali, kuma in an kira taro kan wuta ya san da shi ake. To in ba ki neme shi daban ba, kowa zai yi magana a kansa shi kaɗai ba a ji bakinsa ba. Hanyarsa ita ce Sarkin Fulani ko Sarkin Zangon garin, ko dillalan kara ranar kasuwa. A je ruga da sassafe kafin a saki shanu ko bayan magariba. Tsakar rana mata da yara kawai za ki tarar. Ki tuna kuma da yawan shanun nan na mutanen gari ne, 'yan kasuwa da ma'aikata har da masu sarauta, Bafulatani kiwo kawai aka ba shi. Tambayi wa ke da dabbar kafin ki rubuta "makiyaya" kamar abu guda.

Sannan a fahimci lissafinsa. Mai shanu toho yake nema. Gamba in ta bushe ta zama kara, saniya ba ta samun komai a jikinta. In aka ƙone ta a Nuwamba ko farkon Disamba, ƙasa na da sauran laima, cikin mako biyu ɗanya ta fito. In aka ƙone a ƙarshen Janairu a kan tudu, babu laimar da za ta tayar da toho, busasshiyar ma da ake lallaɓawa da ita ta tafi. Wannan wutar asara ce gare shi kafin kowa.

Malam Danjuma (Aboabo):
Alhaji, rabin maganarka na karɓa. A kan tudu haka ne. Amma a fadama da bakin rafi laima na kaiwa Fabrairu, ana kuma ƙona su a makare don toho, daga nan iska ta ɗauke ta zuwa gonakin kashu. Kada mu cire zargi daga kan mutum mu mayar da shi waliyyi. Kowane rukuni na da wutar da ke yi masa amfani da wadda ke kuɓuce masa.

Alhaji Issaka (Sawaba):
Ban musa ba, Malam. Abin da nake gudu a rubuta a takardar jami'a abin da gobe za a ɗauka a kafa hujja da shi. Kowa ya san rikicin makiyaya da manoma da aka yi a yankin Agogo shekara da shekaru, har da sojoji. Kalma ɗaya a rahoto tana iya zama dalilin korar ruga.

Hajiya Mariama (Asawase):
Wannan ya kawo mu kan amana. Abubuwan da ba a sassauci a kansu: kada sunan mutum ya hau takarda ɗaya da amsarsa, lamba kawai, jerin sunaye a wani wuri a kulle. Kada a ɗauki lambar GPS a ƙofar gida ko a tsakiyar gonar da ke cikin gandu, a ɗauka a dandalin gari. KoboToolbox, manhajar tattara amsoshi a waya, na da wurin ɗaukar GPS, ɗalibai na kunna shi don malaminsu ya tabbatar sun je, ba su lura sun haɗa taswirar masu laifi ba. Dokar kare bayanan mutane ta 2012 ta shafe ki, kwamitin ɗa'a na jami'arki ma zai tambaya. Ki nemi izinin yarda da baki maimakon sa hannu ko dangwale, domin dangwala yatsa a takardar baƙo kan maganar wuta na tsorata mutane, kuma da dalilinsu. A rahoto ki sauya sunan ƙauyukan. Ki kuma kula, "ƙauyen da ke da ruga ɗaya a gabashin gandu kaza" suna ne ko da ba a faɗi suna ba.

In dole sai kin san yawan masu farauta da wuta, akwai dabarar jeri. Rabin mutane a karanta musu abu huɗu marasa laifi, a ce su faɗi guda nawa suka yi bara, ba wanne ba. Ɗaya rabin a ƙara na biyar, wato kunna wuta don korar nama. Bambancin matsakaicin amsar rukunin biyu shi ne kason masu yi. Sai dai tana cin mutane da yawa, da ɗari biyu sakamakon zai yi ta rawa. Kuma in abu huɗun duk kowa na yin su, mai cewa "biyar" ya tona kansa.

Dakta Sulley (Kwadaso):
Ƙasa da 500 ban ba da shawarar dabarar jeri ba. Gara a tambayi tsofaffin mafarauta yadda ake yi, ba wanda ya yi ba. Ki lura da kalanda kuma: an rufe farauta daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba, buɗewar ta faɗo daidai shigowar hunturu.

Rukayya (Ayigya Zango):
To wane wata zan shiga? Malamina ya ce hutun Yuni zuwa Agusta.

Hajiya Mariama (Asawase):
Yuni mutane na gona, wutar kuma ta wuce da wata huɗu, abin da za ki samu tuni ne wanda ya gauraye da labarin rediyo. Zuwa biyu ake yi. Na farko ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, mako uku: gaisuwa, kalandar tsakuwa, taswira, ki ga ko ana share faya-bel, wato layin tare wuta, wa ke fitowa, wa ba ya fitowa. Na biyu tsakiyar Janairu zuwa farkon Maris, mako biyar ko shida, lokacin da abin ke faruwa. A na biyun duk wutar da ta tashi ki bi sawunta cikin kwana uku: ina ta faro, ƙarfe nawa, wa ya fara gani, wa aka kira, mutum nawa suka fito, da me suka kashe, me ya ƙone, an kai ƙara ina, yaya aka ƙare. Irin wannan guda 25 ko 30 a rubuce da kyau sun fi takarda 400 na "na yarda ƙwarai, na yarda kaɗan".

Shiga gari: wasiƙar jami'a zuwa manajan gandu na gunduma, kwafi ga asambili da ofishin kashe gobara. Sannan ɗan asambili ya kai ki wurin odikro, wato sarkin ƙauye, magana ta bakin okyeame, kakakinsa, take bi, ba kai tsaye ba. Al'ada a kai kwalbar giya, amma Musulmi in ya ba da kuɗi a madadinta ya faɗi dalili ana karɓa. Ki tambayi ranar da ba a zuwa gona a garin, ita ce ranar samun mutane a gida. Akwasidae, bikin fadar Asante, duk kwana 42 take zagayowa, ranar fada ba ta da lokacinki. Kada ki shiga da motar ma'aikatan gandu, kada ki kwana a gidansu, ko da kyauta ne. Tafinta biyu za ki buƙata, domin bayan Twi akwai Dagaare ko Likpakpaln na Konkomba, Hausa kuma za ta yi miki aiki a zango da ruga. Kada tafintan ya zama ɗan sarki ko shugaban 'yan sa-kai.

Malam Danjuma (Aboabo):
Tunda an ambaci harsunan baƙin manoma, nan ne naman aikin yake a ganina. Faya-bel aiki ne mai wuya: a share layi mai faɗin mita uku zuwa biyar har ƙasa ta fito, in ciyawar doguwa ce a ƙara, a kuma sake sharewa in ganye ya zubo. Wa zai yi wannan? Wanda ke da abin da zai rasa. Mai gonar kashu ko koko zai yi. Wanda ya karɓi ƙasa haya ta shekara ɗaya, ko yake noma bisa abunu ko abusa, a raba biyu ko a raba uku, ya riga ya kwashe doyarsa a Disamba, me zai kare? Sau da yawa ma ba a yarda baƙo ya dasa itace ba, don dashe na kama da da'awar ƙasa. Itacen katako da ya tsiro da kansa a gona kuma ba na manomi ba ne, gwamnati ke ba da izinin sara. Wanda aka dasa da hannu ne gyaran dokar 2002 ya bar wa mai dashe.

Ki dubi tsarin taungya da aka sabunta a 2002. Ana ba manoma yanki a gandun da ya lalace su dasa itace, galibi tik da sidirela, su yi noma a tsakani. In an sare, kashi 40 na manoma, 40 na hukuma, 15 na masu ƙasa, 5 na al'ummar da ke kusa. A takarda ya yi kyau. Amma bayan shekara uku ko huɗu inuwa ta rufe, abinci ba ya yi, kuɗin itace kuma sai bayan shekaru masu yawa. A tsakanin nan wa ke share layi? Tambayi kowane manomi ko yana da kwafin yarjejeniyar da sunansa a ciki, ya nuna miki. Ki kwatanta yawan ƙuna a filayen masu takarda da marasa ita. Wannan tambaya ce da hukuma kanta za ta so amsarta.

Abdul-Basit (Tafo):
Iyakokin filayen taungya da na gandu a nemi su a cibiyar hukumar da ke nan Kumasi, RMSC. A duba tsarin ma'aunin taswirar kafin a ɗora, tsofaffin taswirorin Gana ba kan WGS 84, ma'aunin da GPS ke bi, suke ba. In ba a juya ba layin zai goce, wutar da ke waje ta koma cikin gandu.

Hajiya Mariama (Asawase):
Abu ɗaya da nake so Rukayya ta karanta kafin ta tafi shi ne muhawarar ƙunar wuri da ƙunar makara. Tun 1936 masanin daji Aubréville ya kafa filayen gwaji a Kokondekro kusa da Bouaké a Kodebuwa: ɗaya ana ƙonawa farkon rani, ɗaya ƙarshensa, ɗaya ba a ƙonawa. Na makara ne itatuwa suka fi mutuwa. Paul Laris ya nuna a kudancin Mali yadda mutane ke ƙona daji gutsure-gutsure tun farkon rani, har wutar baya ta rasa hanyar gudu. A gandun namun daji na Mole ma ma'aikata da kansu ke ƙunar wuri. Kojo Amanor kuma ya yi rubutu kan yadda yaƙi da wuta bayan 1983 ya sauya wa ke da iko a ƙauyukan yankin nan. Hana ƙuna gaba ɗaya yakan tara ciyawa ne har Fabrairu, sannan ta tashi ba mai iya tare ta.

Malam Danjuma (Aboabo):
Hajiya, a nan zan ja birki. Duk misalan nan na dajin ciyawa ne, inda kaɗanya da ɗorawa ke da kaurin ɓawon da ya saba da wuta. Gandayen da Rukayya za ta je, irin Afram Headwaters, asalinsu kurmi ne. Itacen kurmi ɓawonsa siriri ne, wutar da ba ta kai gwiwa ba tana kashe shi a hankali. Ya mutu, rana ta sauka ƙasa, ciyawar Acheampong da dogayen ciyayi su cika wurin, su bushe, wuta ta biyu ta fi ta farko. Haka aka yi ta yi tun 1983 har wasu sassan suka koma fili. A irin wannan wuri babu wata ƙunar wuri mai gyara, shi ya sa aka koma dasa layin itacen kasiya don tare wuta, mai ganye ɗanye duk shekara, inuwarta na hana ciyawa. Ɗalibin da ya karanta Mali ya zo ya ce a bar mutane su ƙona kurmin Offinso ya yi kuskure daidai da wanda ya kwafo takardar Amurka.

Hajiya Mariama (Asawase):
Na yarda da rabewar. Sai dai yankin nata duka biyun ne a cakuɗe, wani lokaci a ƙauye ɗaya: kurmi a kwari, tofa da gamba a tudu. Kuma sashen da ya riga ya koma ciyawa shekara talatin, yanzu da wace ƙa'ida za a bi da shi, ta kurmin da yake a da ko ta ciyawar da yake a yau? Ma'aikaci zai ce ta da, manomi zai ce ta yau. Don haka kowace wutar da ta rubuta ta sa irin tsiron wurin, da yadda mutanen gari ke kiran wannan irin fili da harshensu.

Dakta Sulley (Kwadaso):
Kan takardar tambayoyi in an zo yin ta: bayan zuwan farko ake rubuta ta, ba kafin ba. Kada ta wuce minti 35, wajen tambaya 30. A fassara, wani daban ya mayar da ita Turanci ba tare da ya ga asalin ba, a kwatanta. A gwada kan mutum 15 a ƙauyen da ba ya cikin shidan. Kada a tambayi "shugaban gida" kaɗai, mata ne ke tsintar kaɗe da itacen girki, su ne kuma suka san wace ƙuna ke rage 'ya'yan itace. Girman gona a tambaya da ma'aunin da suke amfani da shi, sannan a auna goma da GPS a ga tazarar, don eka a baki ba eka ba ce a ƙasa. Asara kuma a tambaye ta da buhu da yawan itace da shekarunsu, ba da sidi ba. Da an ji sidi sai a ɗauka diyya na tafe.

Rukayya (Ayigya Zango):
Allah ya saka da alheri. Na fahimci zan koma ƙauye shida, zuwa biyu, in bi sawun kowace wuta, in kwatanta masu takardar taungya da marasa ita. Saura tambaya ɗaya: in hukumar gandu ko wata ƙungiya ta ce za ta ɗauki nauyin mota da masauki, amma tana son bayanan, in karɓa?

Malam Danjuma (Aboabo):
Karɓi, amma a rubuce, kafin ki taka ƙauye. Takardar ta faɗi abu uku: abin da za su samu shi ne taƙaitaccen sakamako da jadawalin da aka cire suna, lamba da wuri, ba faifan murya ko littafin rubutunki ba, suna da damar gyara kuskuren gaskiya a rahoto amma ba su da damar cire sakamako, sunanki ne farko a duk abin da aka buga daga aikin. Malaminki ya sa hannu shi ma. Kuɗin motar a ba ki a hannu ki hau ta haya. FORIG, cibiyar binciken gandun daji da ke Fumesua, da ƙungiyar Tropenbos a nan Kumasi sun daɗe suna aiki a gandayen yankin, ki leƙa ɗakin karatunsu ki nemi tsofaffin rahotannin aikin wutar daji da Holan ta tallafa, ki ga ƙauyukan da aka kafa wa 'yan sa-kai da layin kasiya a lokacin. Biyu daga cikin shidanki su fito daga jerin nan, ki je ki ƙirga mutum nawa suka rage a ƙungiyar da mita nawa na layin ke tsaye.

Alhaji Issaka (Sawaba):
In za ki ruga ki sayi goro a Alabar ki tafi da shi, da gishirin shanu ko rabin buhu ne. Ki sa takalmi rufaffe, kututturen gamba da ya ƙone yana huda silifa.